Kwalbar Ruwan Urdun

Lai'atu ta sake ɗauraye kwalbar a famfon tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ta ɗaga ta a rana. Marfinta ya ɓace tun bara.

"Ka cika ta har wuya," ta ce wa ɗanta Rufus. "Ruwan Urdun fa, ba na famfo ba. Zan gane."

Matan zumuntar coci sun jeru a inuwar ofishin tikiti suna waƙa. Tun da aka ce bataliyar Rufus za ta Lebanon aikin kiyaye zaman lafiya, suka buɗe Littafi Mai Tsarki suka sami sunan: ƙasar itatuwan al'ul. A wurinsu ziyarar ibada zai tafi.

Ubansa Meshak, tsohon soja, yana zaune kan akwatin ƙarfe, da wasiƙa a aljihu. Ofisan Rufus ya ce wanda shi kaɗai ne ɗa namiji a gidansu, ubansa na iya rubutowa a cire sunansa kafin Litinin. Malamin coci ya rubuta jiya, Meshak ya dangwala yatsa.

Rufus ya tsuguna gabansa.

"Baba, kullum a coci kana cewa kun ceci sistoci a Kongo. Zuwanku daidai ne?"

"Sista huɗu. Mun fito da su a mota. Wannan gaskiya ne."

"To."

"Ban gama ba. Akwai wata gada. An ba mu oda kada mu yi harbi sai an harbe mu. Muna wannan gefe da hula shuɗiya, ana yanka mutanen ƙauye a wancan gefe. Ba wanda ya harbe mu. Tun safe har rana ta take. Hammadu, wani Bafulatani daga Kauru, ya kasa tsayawa, ya haye. Takalminsa aka kawo mana."

"Ba ka taɓa faɗa ba."

"Wa ya tambaye ni? Labarin sistoci ake so."

"Da ba ku je ba fa?"

"Da huɗun nan ma sun mutu. Da Hammadu yana nan bayan shanunsa. Shekara goma sha bakwai ke nan, ban san amsa ba." Ya zaro wasiƙar. "Kai wa ofisa. Ka dawo mu yi noman citta."

Rufus ya karanta har ƙasa, inda tawada ta yi tabon yatsa. Jirgin Kaduna ya yi kuka daga kudu.

"Idan sun cire ni, Bartholomew za su sa," ya ce. "Shi ne na farko a masu jira. Matarsa na da ciki wata takwas."

Meshak ya dubi layin dogo.

Lai'atu ta iso tana share hannu da zani.

"Ku soja da surutu. Ni da me za a toshe wannan? Ruwan zai ƙare a hanya."

Rufus ya karɓi kwalbar. Ya ninke wasiƙar biyu, ya sake ninkewa, ya murɗa ta, ya cusa a bakin kwalbar har ta zauna daram.

"Ga shi, Mama. Ba zai zube ba."

"Takardar mece ce?"

"Tsohuwar takarda ce," in ji Meshak.

Jirgin ya shigo, matan suka ɗaga murya. Meshak ya tashi daga kan akwatin, ya kama hannun akwatin ɗaya, ya jira ɗansa ya kama ɗayan.