Kafin Zobe Ya Tsallaka Teburi

Ranar Talata da hantsi Lennox Baptiste ya ajiye bas ɗinsa, ya nufi titi na arba'in da bakwai, layin masu lu'ulu'u na New York. Zoben baiko ne a aljihunsa. Ya saye shi a wurin ajiye motoci, a hannun wani mutum da suka haɗu a intanet, har da takardar shaida mai hatimi. Ranar Asabar zai miƙa wa budurwarsa Marva, kuma abin da ya kawo shi kawai a rage faɗin zoben.

Ya tsaya a rumfar wani tsoho, Rahmin Aminov, mutumin Bukhara, ya tura masa zoben. Tsohon ya turo masa abinsa.

"Tsaya tukuna, ɗana. A layin nan ba a karɓar dutse sai an faɗi sunansa a gaban mai shi. Kada gobe ka ce na musanya maka."

"Lu'ulu'u ne, Baba. Ga takarda."

"Takarda! Hagop, ka ji? Ya zo da takarda."

Hagop na rumfar kusa bai ko ɗago kai ba. "Kawo in rubuta maka wata, in ce kai ne magajin gari."

Rahmin ya hura wa dutsen numfashi, ya ɗaga shi a haske. Hucin ya kwanta a kai, ya ƙi tashi. Ya hura wa wani ɗan ƙaramin lu'ulu'u na gaske daga tirensa, kafin Lennox ya ƙifta ido hucin ya washe. Sannan ya manna ɗan gilashinsa a ido, ya daɗe yana juya zoben.

"Zinariyar ta gaske ce. Dutsen kuwa ba lu'ulu'u ba ne, a masana'anta aka dafa shi. Ka yi haƙuri."

Lennox ya kira lambar mutumin da ya sayar masa, a kashe. Ya tsaya yana kallon zoben, ga shi yana walƙiya kamar yadda yake yi jiya, babu abin da ya ragu. Shin idan Marva ta yi murna da shi har ƙarshen ranta, wa aka cuta? Shi ma ai da zuciya ɗaya ya saya. Amma wancan Lennox ɗin na jiya ne, na yau ya riga ya sani.

"Baba, rage min faɗin kawai. Ba za ta gane ba."

"Zan rage, aikina ne. Sai dai ka ji wannan. Bayan shekara zoben zai dushe, za ta kawo a wanke mata. Ko nan, ko wurin wancan mai bakin tsiyar."

"Ina jin ka," in ji Hagop.

"Duk wanda ta miƙa wa, sai ya faɗi sunan dutsen kafin ya karɓa, kamar yadda na yi maka. A tsaye za ta ji, a bakin baƙo, mutane na kallo."

Lennox ya mayar da zoben aljihu ba a rage shi ba.

Bai jira Asabar ba. Washegari ya sami Marva a bakin asibitin da take aikin jinya, lokacin hutun rana, ta sayo shinkafa da kaza a 'yar roba. Ya ba ta zoben, ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ta ajiye cokali.

"Wato a wurin ajiye motoci ka saya min zobe? Lennox, kai da ko mangwaro ba ka iya zaɓa?"

"Marva, za ki aure ni ko kuwa?"

"Zan aure ka mana, sakarai. Wa zai bar ka kai kaɗai a garin nan?"

Tare suka koma wurin Rahmin. Ya cire dutsen, ya zube musu ƙanana guda biyar a farar takarda, waɗanda Lennox zai iya saya ba tare da ya wahala ba. Ya koya wa Marva riƙe gilashin. Ta daɗe a kan na uku.

"Baba, wannan akwai baƙin ɗigo a ciki."

"Da shi ya fito daga ƙasa, 'yata. Ki haddace inda yake. Duk inda kika kai shi, kika leƙa kika ga ɗigon, naki ne."

Shi ta zaɓa, ƙarami kamar ƙwayar dawa. Rahmin ya kama hannun Lennox ya ce "mazal", kalmar da ake rufe ciniki da ita a layin. Lennox ya riƙe hannun ya ƙi saki. Tsohon ne ya sa Marva ta ji zancen daga bakin Lennox ɗin kansa, ba daga bakin wani ba.

"Na gode, Baba," ya ce. "Na gode ƙwarai."

"Sakar masa hannu," in ji Hagop, "da shi yake cin abinci."

Tsohon dutsen kuwa Marva ta ce a naɗe mata shi, ta jefa a jaka.