Turmin da Inna Ta Kife

…kuma abin da ka fara yi mini dariya ce, Mukhtar. Ranar kasuwar Anka, a rumfar mai cajin waya. Na tambayi mai rumfar, "Mi anka yi wayata ba ta cika ba?" Sai ka juyo, baƙo da laka a bakin wando, ka ce, "Ku dai komai anka yi, anka ce, anka tafi. Shi ya sa garin ya ci sunan?" Na ji haushi. Na koma Dareta da haushin, ina juya shi a raina kamar alewa a baki, ban so ya narke ba.

Ga turmin can. A kife. Kaza ta hau gindinsa tana gyaran fiffike…

Wankin zinare ya kawo ka daga gabas, ka gaji da laka, ka koma ɗaukar bidiyo. Gajeru gajeru. Raƙumi na wucewa, Bafillatana da ƙwaryar nono, hayaƙin murhu. Ka ɗora a wani shafi na intanet, duk mai so a duniya ya saya, ya liƙa cikin nasa labarin. A ƙarƙashin kowanne ana rubuta kalmomi, da su mai nema yake ganowa. "Hoton bebe ne, Habsu," ka ce, "rubutun ƙasan ne bakinsa." Ni nake rubutawa da Hausa, kai ka juya zuwa Turanci. Ni da ban taɓa zama a aji ba. A jikin takardun da ma'aikatan lafiya suka manna a bangon garinmu na koyi boko, harafi harafi, ina bi da yatsa. Kalmar farko da na haɗa da kaina — dalma. Na faɗa maka wannan. Na faɗa maka ko ban faɗa ba?

Har Saminu na faɗa maka. Ƙanena. Shekarar da mata ke dakan dutsen zinare a cikin gida, a turmin da ake dakan abinci, ba wanda ya san akwai gubar dalma a ƙurar. Yana rarrafe a gindin turmi, yana lasar hannu. Sai zazzaɓi, sai jijjiga, sai aka naɗe shi a zanen Inna. Da hannunta ta faskara wancan turmin, ta cusa a wuta. Ko tsakuwar ramin zinare ba ta sake shiga gidanmu ba. Sabon turmi na gero ne kawai, kuma tana daka shiru, kai a sunkuye, kamar mai biyan kaffara.

Ka saurara har idonka ya yi ja. Ashe kana… me kake yi a lokacin? Kana auna wace kalma ta fi saurin fita?

Da hantsi ne, kamar yanzu. Surfen gero Inna take yi, ka durƙusa ka gaishe ta, ka roƙi ɗaukar hannunta kawai. Ta ce, "Ɗan nan, mi za a gani ga hannun tsohuwa?" Ka yi ta zolayarta, wai matan garinku sun fi na Zamfara iya daka. Sai Inna ta gyara ɗaurin zane. Ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta buga gefen turmi — lugude, Mukhtar. Lugude. Rabon da ta yi shi tun Saminu na da rai. Ta yi dariya har na ga wushiryarta. Na tsaya riƙe da faifai, ina kallonka kana kallon waya, ina cewa a raina wannan mutumin ya dawo mini da uwata, zan bi shi ko ina ne…

Na rubuta: mace tana surfen gero. Farin ciki. Da yatsan nan na rubuta.

Jiya Saude maƙwabciyarmu ta shigo da wayar mijinta. "Innar Habsu, ba ke ta nan ba?" Wata tashar waje, labarin guba. Ga zanen Inna mai ruwan bula, ga awarwaronta, ga rabin fuskarta. Babu tafi. Babu dariya. Ka yanke su. Ka cire sautin, ka bar taɓarya na sauka a hankali, a hankali, cikin turmin ba ya ganuwa. Wata murya tana Turanci, a ƙasa an fassara: har yau iyaye mata na dakan dutse kusa da 'ya'yansu.

Na buɗe shafin na duba. Gerona babu a rubutun ƙasan, ka sa wasu kalmomi. Dutsen zinare, guba, uwa, talauci. Na sa waya ta karanta mini da Hausa, na sake sawa, ko ita ce ta yi kuskure.

Wa ke lugude a kan dutse? Dutse ƙas-ƙas yake yi, ya girgiza kafaɗa, ya toshe hanci. Gero dim-dim, da laushi, da danshi. Ko jariri a Dareta ya san bambancin da kunnensa. Shi ya sa ka cire sautin. Ka sani. Ba kuskure ba ne — ka sani.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta miƙa wa Saude wayarta, ta juye geron da ke turmin cikin ƙwarya, ta ce a kai inji. Sannan ta kife turmin. Yau a bakin rijiya mata sun yi shiru da na iso. Wata ta ce, ba da ni take ba wai, "Wasu ba su ji ba har yanzu."

Na kira ka. "Haba Habsu, gero ba ya sayuwa. Wa ya san ta a can?"

A nan fa? A nan wa bai san ta ba?

To ni ma ina da kai a wayata. Ranar da muka je Bukkuyum, kana tsaye a kan dutse wajen gari kana neman sabis, waya a kunne, kana nuna daji da hannu. Don so na ɗauka. Ina kallo in ba kowa. Yanzu na cire sautin, kamar yadda ka koya mini. Me ya rage? Baƙo, a bakin daji, yana waya, yana nuna hanya. Kalma ɗaya zan rubuta a ƙasa. Infoma — mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Ba sai shafin Turawa ba, zauren matasan gari na waya ya isa. Kafin la'asar ba rumfar da za ta ɓoye ka. Wa zai tambaya da wa kake magana? Da mahaifiyarka ce, na sani, ina jin kana cewa ta sha maganinta…

Na rubuta harafin farko. Na goge. Na rubuta duka.

Kana da wata 'yar tawadar Allah a bayan kunne. Me ya kawo ta yanzu? Me ya sa take fitowa sosai a hoton nan?

In na tura, zanen wa za a naɗe ka a ciki? In ban tura ba, Inna ta ci gaba da zama haka, hannuwa a cinya, tafin a sama, kamar ba nata ba. Tun asuba ba ta motsa daga bakin ɗaki ba. Kazar ta sauka. Yatsana na kan wurin turawa, yana zufa, gilashin ya yi dishi-dishi.

"Habsu, mi kika kallo tun ɗazu?"

Ban kashe wayar ba. Ban goge kalmar ba. Na juyo gare ta.

"Inna, na yi miki alkawari. Sai ya shigo gidan ga da ƙafarsa, gaban matan rijiya, ya tada turmin ga da hannunsa. Ko ya zo, ko…"

Ta ɗago ta dube ni. Tana jiran sauran.