Shekarar da Pagume Ya Yi Kwana Shida

Mijina Ayalew shekara uku ya yi yana gadin gidan wani bature a Addis Ababa, kuma tun da ya dawo ƙauye kunnuwanmu ba su huta ba. Bature ya ce kaza, bature ya yi kaza. Ko kofi nake soyawa sai ya gaya mini yadda matar bature take yin nata. Ban cika damuwa ba, bakinsa ne. Har daɗin abin na ji ranar da muka kai 'yarmu Birtukan asibiti a Bahir Dar.

Likita ya daɗe yana sauraren ƙirjinta, sannan ya ce ƙofar zuciyarta ce ta lalace, kuma a nan babu mai iya gyara ta. Amma akwai likitocin turawa da za su zo, yini ɗaya tak za su yi, su duba yara su zaɓi waɗanda za a kai ƙasarsu a yi musu aiki. Ya ce zai sa sunanta. Ya ce mu zo ranar ashirin ga Satumba.

"Satumba kuma wane wata ne?" na ce, don mu ƙirgar watanninmu dabam ce da ta turawa.

Ayalew ya taka mini ƙafa. "Kar ki ba mu kunya, Tiruwark. Sha ɗaya ga Satumbarsu shi ne ɗaya ga Maskaram, ranar sabuwar shekararmu. Duk shekarun da na yi a gidan bature haka nake gani, a ranar yake ba ni hutu. Ashirin ke nan goma ga Maskaram."

Likita ya riga ya juya ga mai bi mana. Da ma ya ce Talata ce ko Asabar! Bai faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Daminar nan ta ba mu wuya. Yarinya 'yar shekara tara, amma daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta dafa bango. Ƙafafunta suka kumbura, leɓunanta suka yi duhu, barci ma sai a zaune, na jingina ta da ƙirjina ina jin zuciyar tana bugawa kamar ta kazar da aka kama. Ni dai abu ɗaya na riƙe: goma ga Maskaram. Da shi nake tashi, da shi nake kwanciya.

Watanni sha biyu suka cika, ɗan guntun watanmu na ƙarshe, Pagume, ya shigo. Na fitar da ita cikin ruwan samansa mai albarka kamar yadda kowa ke yi wa 'ya'yansa, tana rawar sanyi tana dariya. A shekarar Pagume kwana shida ya yi maimakon biyar, kuma wa bai sani ba? Maƙwabciyata har murna take, wai giyar bikinta ta samu ƙarin kwanan nuna. Ran sabuwar shekara limamin coci ya sanar cewa shekarar Luka ta fita, ta Yohanna ta shigo, don mu da sunayen marubutan Linjila huɗu muke kiran shekaru, bi da bi. 'Yan mata suka zo waƙa da furannin rawaya a hannu, Birtukan tana kallonsu daga bakin ƙofa.

Ran tara ga wata muka ɗora ta a alfadari muka gangara garin Mota, da niyyar mu kwana gidan ɗan uwansa a Bahir Dar mu yi sammakon asibiti. Mun tarar da motar safe ta cika maƙil, tana shirin tashi. Na ce mu matsa mu shiga.

"A matse mini yarinya a cikin wannan cunkoson? Akwai ta rana. Gobe ne fa, ina saurin yake?" in ji Ayalew.

Muna kallo ta tafi. Muka shiga rumfar mai shayi, na warware ƙunshin injera, wainarmu mai faɗi. Nan muka tarar da Ato Yihune, malamin makarantar su Birtukan. Ya shafa kanta ya tambayi ina muka nufa, Ayalew kuwa ya gyara zama ya ba shi labari har da lissafin.

Malam ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Gash Ayalew," ya kira shi da girmamawa, "waɗanne shekaru ka yi a Addis?"

"Yohanna, Matiyu, Markus. Me ya faru?"

"Ba ka kai ƙarshen Luka a can ba ke nan." Ya dube ni, ya dubi yarinyar. "Bana Pagume kwana nawa ya yi?"

"Shida," na ce. Ban gane komai ba tukuna.

"Rana ba ta gama zagayenta a kwana ɗari uku da sittin da biyar cif," in ji shi. "Duk shekara akwai ragowar kusan rubu'in yini. In ta taru shekara huɗu ta zama yini guda, dole a nema masa wurin zama, in ba haka ba wata rana a tsakiyar damina za a yi bikin sabuwar shekara. Mu a wutsiyar Pagume muke ɗora shi. Su turawa sai can a watansu na Fabrairu. Kafin su ƙara nasu..."

"Malam, don girman Allah ka bar mini karatu! Yau nawa ga watansu?" na katse shi.

"Bana sha biyu ga Satumba ne ɗaya ga Maskaram. Yau ne ashirin."

Ayalew ya yi dariya, wata irin dariya marar daɗin ji. Ya ɗaga yatsunsa ya fara ƙirgawa. Ya kai ƙarshe, ya sake farawa. Ni kam na riga na goya Birtukan na fita titi, na bar injera a kan tebur.

Motar rana ba ta iso ba, babu wanda ya san lokacin da za ta iso. Wata babbar mota ce kawai a bakin tasha, an loda mata itacen turare. Na tsaya a gabanta na ware hannuwa.

"Ke baiwar Allah, in mutuwa kike nema ki nemi motar wani, tawa ba ta da takardu!" in ji direban.

"Ko ka ɗauke mu ko ka bi ta kaina."

Ya leƙo ya ga fuskar yarinyar a bayana. Bai sake wasa ba, ya buɗe ƙofa. Ni da ita muka shiga gaba, Ayalew ya haye saman itace.

Hanyar garin Mota a ƙarshen damina, wanda ya sani ya sani. Motar tana tafiya kamar tsohuwar saniya, ni kuwa rana kawai nake kallo ta gilashi. Na roƙi Maryama, na roƙi Mala'ika Rufa'ilu, na yi alkawarin kyandir, na yi alkawarin tunkiya, na yi alkawarin abin da ba ni da shi. Birtukan ta yi barci a jikina, ba ta san me ake ciki ba.

Bayan mun haye wani rafi tayoyin baya suka nutse a laka har gindi. Direba ya zagi motar, ya zagi uwar motar. Ayalew ya diro ya shiga haƙa da hannu. Ni ma na kwantar da yarinyar a kujera na sauko, kuma a nan ne bakina ya buɗe.

"Ɗan gidan bature! Mai ilimi! Shekara uku kana buɗe musu ƙofa, abin da ka koyo mana ke nan? Na ce mu shiga motar safe ko ban ce ba? In yarinyar nan ta mutu kai ka kashe ta, Ayalew, kai da bakinka!"

Na faɗa, a gaban direba da manoman da suka zo taya mu turi. Bai ɗago ba. Haƙa kawai yake, farcensa ɗaya ya fita, jini yana haɗuwa da laka. Da motar ta fito takalminsa ɗaya ya tsaya a ciki, bai koma nema ba.

Rana ta yi ja muka shiga Bahir Dar. Daga inda aka sauke mu Ayalew ya saɓa yarinyar a kafaɗa ya zura da gudu, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ina bin sa ina haki. Mai gadin asibiti ya so tare mu, ya kalle mu sau ɗaya ya kauce.

Barandar yara babu kowa. Benci ne jere, da ɓawon ayaba a ƙasa. Wata nas tana kulle ƙofa.

"Turawa? Ai tun la'asar suka tafi filin jirgi." Ta tambayi sunan yarinyar. Da na faɗa sai ta dafe baki. "Wayyo, ku ne? An yi ta kiran sunan nan. Likita har bakin titi ya fita yana dubawa."

Ayalew ya ajiye Birtukan a benci ya durƙusa, ya kama ƙafar matar nan da hannuwansa masu laka. Ya ce a buga musu waya, ya ce zai bi su filin jirgi da ƙafa. Ta ce jirgin ya tashi, ta ji ƙararsa da kunnenta. Na tambaya yaushe za su dawo. Ta ce wataƙila baɗi, wataƙila baɗin baɗaɗa, su ba a sanin nasu. Ta dubi ƙafafun Birtukan, sai ta kawar da kai, kuma na gane abin da ba ta faɗa ba.

Na zauna daɓas a ƙasa. Kuka ma ya ƙi zuwa. 

Washegari a gidan ɗan uwansa Birtukan ce ta tashe mu. Ta ɗan samu ƙarfi, ta ciro farar rigarta ta bikin sabuwar shekara da kanta. Ba ta tuna komai na jiya sai laka da gudu.

"Baba, yau ne goma. Kar mu makara."

Na buɗe baki zan yi magana, Ayalew ya dube ni. Tun da na aure shi bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba, roƙo ne zalla. Sai na jawo ta na kitse mata kai.

Ya ari takalmi, ya goya ta, muka koma. Muka zauna a bencin nan mu uku. Wata mata tana goge ƙasa, ta zagaye ƙafafunmu da tsummanta ta wuce. Birtukan ta gyara rigarta, ta dubi wannan gefe, ta dubi wancan.

"Baba, ina sauran yaran?"

 Ayalew ya gyara mata mayafi a kafaɗa.

"Mu muka riga kowa zuwa," ya ce.