Sana'ar Saifuddeen

"To, mece ce sana'ar yaron?" in ji Malam Abdulƙahhar.

Rabe ya gyara zama a kan tabarma, ya yi gyaran murya. Tambayar da yake ta jira ke nan tun da ya baro Gumel. Ya zo Ɗanzomo ne nema wa ɗan wansa, Saifuddeen, auren Nana Firdausi 'yar Malam, yaran kuwa suna mutuwar son juna. Shi kuma Rabe, Allah ya yi shi da baki. Babu direba ko ɗan kamasho a tashar Gumel da bai sha labarin "injiniyanmu na ƙasar waje" ba.

"Allah gafarta Malam, injiniya ne. A tashar nukiliya yake aiki, can bakin teku."

Carbin Malam ya tsaya cak.

"Nukiliya? Wadda ake faɗa a rediyo, mai tashin gari guda? Innalillahi! Ni zan ba maƙerin bam 'yata? Rabe, ga takalmanka can."

In Rabe ya koma hannu rabbana, da wane ido zai dubi wansa? Ya zaro waya, ya kira Saifuddeen, ya ƙure muryar wayar.

"Kai, ga ni gaban Malam. Yi masa bayanin aikinka dalla-dalla, ban da Turanci!"

Saifuddeen ya gaishe da Malam cikin ladabi, sannan ya ce, "Baba, ba ruwanmu da makami. Wani irin ƙarfe ne mai tsananin zafi muke sakawa cikin ƙatuwar tukunya, ya tafasa ruwa. Ni aikina lura da tukunyar. To, idan ruwan ya tafasa…"

Ɗif! Waya ta mutu. Ina za ta samu caji, an kwana biyu ba a ga wuta a unguwarsu Rabe ba?

Malam ya shafa gemu.

"Wato ruwa yake dafawa."

"A'a, Malam, da saura!" Rabe ya yi caraf. "Tururin ne ke juya wata farfela, farfelar ta juya inji, sai lantarki ya fito. Ruwan teku kuma shi ke sanyaya kayan. Garuruwan da ke kewaye, wallahi dare da rana ba a ɗauke musu wuta."

Malam ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

"Haba Rabe, ji tsoron Allah! Tururi ya ba da lantarki? Ai da matan garin nan masu dambu sun haskaka Jigawa har Maigatari. Yaro ya faɗi gaskiyarsa, kai kana ta ƙara gishiri. Mai shayi ne, ko ba haka ba? Bakin ruwa ya kafa tebur saboda masu saukowa daga jirgi. To mene ne abin kunya? Sana'a ce ta halal. Wannan na ba shi, duniya da lahira. Amma in na bam ɗin ne, faɗa mini yanzu mu rabu lafiya."

Rabe ya dubi matacciyar wayar kamar ya rotsa ta da ƙasa. Karatun da yaron nan ya sha, gonar da aka sayar, dusar ƙanƙarar da ta kusa cinye masa yatsu, duk a tashi a mai shayi? Ya buɗe baki, ya tuna da takalmansa a bakin zaure, ya rufe.

"Haka ne, Malam," ya ce a hankali.

"Madalla. Ciniki dai yana tafiya? Yana haɗawa da burodi?"

Rabe ya cusa wayar a aljihu.

"Har da wainar ƙwai, Allah gafarta Malam."