Gawawwaki a Kwalin Ashana

Gara in fara da laifina. Ranar da muka je kallon jatan landen gidan Malam Lurwanu, ni ne na leƙa akwatin gilashin na ce sun yi kyau, na mance ban ce tubarkalla ba. Har yau idan muka haɗu a ƙofar masallaci yakan ɗan yi jinkiri kafin ya amsa gaisuwata.

Malam Lurwanu tsohon surbeyan ne, mai kula da ɗa'ar yara, a wata lakol, makarantar boko ta Tasawa. Shekara ashirin da shida ya yi yana kirga 'ya'yan mutane safe da yamma, ko ɗaya bai taɓa ɓace masa ba, sannan ya ajiye aiki ya koma kiwon raguna biyu a bayan gida. Autarsa Samira tana karatun kiwon kifi a jami'a a Maraɗi. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka shi Uwata yake kiranta. Ita ce ta shigo da akwatin gilashin gidan, cike da ruwa da gansakuka da wani ɗan inji mai busa kumfa, sai jatan lande masu rai guda ashirin da huɗu, jajaye wur, babbansu bai kai gaɓar ɗan yatsa ba. Mutanen unguwa sun san jatan lande busasshe a tiren mai kayan miya. Wanda ke yawo da ƙafafunsa, a ɗaki, ana masa fifita, wannan sabon abu ne.

Malaminta ne ya samo mata su daga Kwatano, kuma a kansu take rubuta memuwar ɗinta, kundin binciken kammala karatu. Wata bakwai tana fama da su. Idan suka mutu babu wasu, sai ta sake shekara. Ana cikin haka aka tura ta istaj, koyon aiki na mako biyar, Gidan Amumune, auna ruwan rijiyoyi da tafkuna, a tsakiyar bazara. Akwatin ba ya hawa mota. Dole aka bar wa Baba.

Ranar tafiya ta tsaya tana masa bayani. Ruwan famfo sai ya kwana biyu a bokiti kafin a zuba. Kada a fesa maganin sauro a ɗakin, kada a kunna turare. Abinci ganyen zogale ɗaya dafaffe, bayan kwana biyu. Ta fara cewa akwai wani abu da zai riƙa gani a ƙasan ruwan, sai ya ɗaga mata hannu. Ya ce shi da ya riƙe yara ɗari shida, ya kuma yi kiwon ragon da aka zo kallo daga Mayahi, ba za a zaunar da shi a koya masa renon ƙwari ba. Ta miƙa masa kaye da bik, littafin rubutu da alƙalami, ta ce ya dai riƙa kirga su kowace safiya.

Mako na farko ya wuce lami lafiya. Da ya dawo daga masallaci sai ya ja kujera ya sa tabarau, ya kirga, ya rubuta ashirin da huɗu, ya ja layi a ƙasa kamar yadda ya saba. Har ya soma gane su. Akwai wata mai ƙiba da ya sa wa suna Hajiya, akwai wani ɗan siriri mai rawar kai da ya ce da a lakol ne da kullum yana durƙushe a ƙofar biro, ofishin horo. Da zafi ya tsananta ya ɗauke fankar ɗakinsa ya kai musu, ya jiƙa buhu ya naɗe gilashin kamar yadda direbobi ke naɗe bidon, jarkar ruwansu. Idan wuta ta ɗauke injin ya tsaya, sai ya zauna da ludayi yana ɗiban ruwan yana mayarwa. Matarsa Hindu ta ce shekara talatin suna tare, ko zazzaɓi ta yi bai taɓa zama kanta haka ba.

A rana ta tara muka je kallo, mu biyar. Washegari ya ga gawa.

Tana kwance a kan yashi, fara fat, da ƙafafu da gashin baki da komai, jan ya fita daga jikinta kamar an tsotse. Ya yi salati. Ya kirga masu rai sau uku, ashirin da biyu yake samu. Ya sa cokali ya ɗauko ta, ba ta da nauyin komai, ya shanya ta a takarda, ya shimfiɗa auduga a kwalin ashana ya kwantar da ita. Bai san dalilin ajiye ta ba. Ya dai ga cewa abin mutane ne, idan aka tambaya gara a nuna.

Jibi gawa biyu ya gani. Gata ɗaya. Lambar da ke cikin kaye ta riƙa gangarowa, ashirin, sha takwas, sha bakwai, kuma duk safiya sai ya daɗe da bik a hannu kafin ya rubuta. Ya canza ruwa ko ruwan ne, sai washegari ya tarar da huɗu. Ya bar canzawa. Ya ƙara zogale, ya rage zogale. Ya hana Hindu soya albasa kusa da taga. Ragunan da ake zuwa kallo suka koma kuka a bayan gida, don dusarsu ba ta zuwa sai hantsi ya ɗaga.

Samira takan kira idan wayarta ta samu rezo, sai ta hau wani tudu kusa da kasuwa. Ta tambayi lafiyar Innarta, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo, sannan ta tambayi jajayenta. Ya ce lafiya lau suke, suna ta ci. Ya kashe wayar, ya kifa ta a kan kayen. Shi ne fa mutumin da ya taɓa korar yaro kwana uku don ya ce kakarsa ta rasu alhali tana kasuwa tana sayar da ƙuli.

Ranar kasuwa Kawu ya biyo. Bafulatani ne daga wajen Hawandawaki, shi ke riƙe wa Malam Lurwanu saniyarsa ɗaya tilo, kuma tun suna samari suke tsokanar juna. Ya ga fuskar abokinsa ya tambaya ko rasuwa aka yi. Aka kai shi ɗaki. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sandarsa a kafaɗa, sannan ya ga kayen a buɗe, ya tambaya mene ne wannan. Da aka gaya masa sai ya girgiza kai.

"Kai ɗan birni, kullum kake kirga su?"

"Kowace safiya."

"To ai kai ke cinye su. Ka taɓa jin na ce shanuna kaza ne? Dabba ba a kirga ta. Ka san fuskarta, ka yi mata addu'a, ka bar lamba ga Mai ita."

Ya kuma tambaya ko baƙi sun gani. A nan sunana ya fito. Kawu ya ce ai magana ta ƙare, ga kirge ga baki. Ya ce a rufe su daga idon mutane, a kuma yi musu inuwa, don babu dabbar da ke son zama a fili ana zuba mata ido.

Malam Lurwanu mutumin boko ne, a wata rana da dariya zai yi. Amma ya gwada duk abin da ya sani, kwalin ashana kuwa sai cika yake. Ya rufe kayen ya jefa a durowa. Ya wanke ɓallin tsohon kasko guda uku ya kifa a cikin ruwan. Ya ari zanen Hindu, ba tare da ya tambaya ba, ya lulluɓe akwatin. Daga ranar bai ƙara kirga komai ba, masu rai ko matattu. Da safe sai ya ɗaga gefen zane, ya kawar da ido daga tsakiya, ya kwashe fararen da cokali, ya sauke zanen.

Ba su daina ba. Abin da ya canza kawai shi ne yanzu da ƙyar yake ganin ja. Wani lokaci uku a jikin gansakuka, wani lokaci biyu. Hajiya ta ɓace gaba ɗaya. Ya riƙa tsara yadda zai faɗa, yana tafiya masallaci yana motsa baki, har wani ya tambaye shi ko sabon wuridi ya karɓa. Hindu ta ce ya gaya wa yarinya gaskiya tun tana iya neman mafita wurin malaminta. Ya ce ba maganar waya ba ce. Ta ce to ga hanya nan, ba a ɗauke ta ba.

Saura kwana shida Samira ta dawo, ya sa babbar riga, ya sa kwalin a aljihun gaba, ya bar wa Hindu ludayi da dogon gargaɗi. Mota ta kai shi Mayahi. Daga nan kabu-kabu, cikin rairayi, ɗan kabu-kabun yana zuba labarin tsadar isansi, man fetur, shi kuwa hannu ɗaya a ƙarfen baya, ɗaya dafe da aljihu kada gawawwakin su dagargaje. Sau biyu suka sauka suka tura. Ya isa Gidan Amumune da azahar, ƙafar mai ciwo ta kumbura.

Ya same ta a bakin wata rijiya da kwalabe a jere, ta ɗaura hula a kan ɗankwali. Da ta gan shi ta ajiye kwalbar hannunta ta taso. Ta tambaya ko Inna ce. Ya ce Inna lafiya. Suka koma gindin wata bedi, ta kawo masa ruwa, ya ƙi sha.

"Uwata, na yi miki ƙarya sau biyar. Na zo in faɗa da bakina."

Ya ciro kwalin ya ajiye a tafin hannunta. Ya ce ya ci amanarta, idan akwai inda za a je a roƙi malamin nan, shi zai je. Ya ce raguna biyu suna nan, ya san ba ragon take so ba, amma su gare shi.

Ta tura kwalin a hankali ta buɗe. Ta duba. Ta ɗauki tsinke ta juya ɗaya, ta ɗaga ta wajen haske, ana ganin rana ta cikinta. Ta ciji leɓe, kafaɗunta suka fara rawa, shi kuwa ya sunkuyar da kai don ya ɗauka kuka ne.

"Baba, saɓa ce. Kamar ta maciji. Idan sun girma sai su tuɓe tsohuwar fata su ɓuya har sabuwar ta yi ƙarfi. Shi ne abin da na fara gaya maka ranar nan, ka ce ka yi kiwon rago."

Ya ce kada ta lallashe shi, shi ba yaro ba ne. Ya ga ƙafafu, ya ga idanu. Ta ja shi suka hau tudun, ta kira Inna, ta buɗe murya yadda zai ji, ta ce a yaye zanen nan tun gansakukar ba ta mutu ba, a ɗaga kaskon. Aka ji ƙarar ruwa. Hindu ta ce ga su nan sun watse kamar an ɗaga dutse kan tururuwa, har da wasu mitsi-mitsi irin ƙwayar gero, ga kuma wata mai ƙiba tana hararar ta. Ta ƙara da cewa a gaya wa Malam zanenta ya yi wari.

Duk da haka bai yarda ba. Ya ce ya san mata, uwa da ɗiya sun haɗa baki don kada hawan jininsa ya tashi a garin mutane. Samira ba ta yi gardama ba. Ta yage takarda daga kayenta ta shimfiɗa a ƙasa, ta juye kwalin a kai, ta miƙa masa tsinken, ta ce ya kirga. Ya ce Kawu ya hana. Ta ce waɗannan ai a wurinsa sun riga sun mutu, me kuma kirge zai yi musu.

Ya sa tabarau, ya tsuguna a kan ƙafar mai lafiya, ya riƙa ware su ɗaya bayan ɗaya yana motsa baki. Da ya kai ƙarshe ya sake daga farko.

Gawa talatin da ɗaya ya kawo. Jatan lande ashirin da huɗu ta bar masa.