Tsayuwa Biyar Tsakanin Tamale da Po

Shekara biyu ke nan ina jan kamiyon Alhaji Kabo, babbar motarsa ta kaya, ina ɗauko masa goro daga Kumasi zuwa Zongo. Bara ya sa aka liƙa wata ƴar na'ura a ƙarƙashin kujerata. Ba igiya ko ɗaya tsakaninta da gida, amma duk inda na taka sai ta gaya wa portabul ɗinsa, wato wayar hannu. Ni dai abin yana burge ni.

Ran Talata na iso, ko sauke kaya ba a fara ba ya kira ni zaure.

"Wada, kawo makulli."

"Lafiya, Alhaji?"

"Sau biyar ka tsaya tsakanin Tamale da Po, cikin daji. Man gazwal ɗina kake sayarwa?"

Ni bakina nauyi gare shi. Kafin in haɗa magana, makulli ya shige aljihunsa. Na kuwa san in zancen ya kai kasuwar Rood Woko, ba mai sake ba ni mota a garin nan.

Ana haka ƴarsa Salamata ta shigo, ita ce ta yi karatun irin waɗannan na'urori.

"Baba, atan, dakata, ara mini portabul ɗin."

Ta ɗora yatsu biyu a kan gilashin ta ware su. Sai ga hanya ta buɗe, har bishiyoyi ana gani.

"Duba inda ya fara tsayawa. Pompin ruwa ne. Nan kuma baraji, madatsar ruwa. Nan ma pompi. Minti goma goma. Ɓarawon mai, ruwa yake bi, Baba?"

Ta juyo wajena. "Kai ma Wada, bakin naka a Kumasi ka baro shi?"

Na ce zafin bana ya yi yawa. In ban yayyafa wa huhunan ruwa ba, ganye zai bushe, goro ya yanƙwane. Haka kakana yake yi tun zamanin jakuna.

Alhaji ya fita, ya sa aka kwance huhu ɗaya. Ya zura hannu can ciki, ya zaro farin goro, ya ɓare shi, ƙas! Ya daɗe yana tauna.

"Yanzu abin nan har pompi yake gani?"

"Har bishiyar da ya faka a gindinta."

"Ikon Allah." Ya ciro makulli ya miƙo mini, bai dube ni ba. "Salamata, tura wa ɗaya direban, Hamadu, wuraren nan biyar. Nasa goron kullum kamar tsakuwa yake isowa."