Kukan Saniya a Ƙofar Dumi

Wani dare mutanen wani lungu a Ƙofar Dumi suka ji kukan saniya. Lungun kuwa ko babur sai ya karkata yake shiga, balle saniya. Maƙeran bakin hanya suka ce aljanu ne. Kubura ce kaɗai ta san inda kukan ya fito, domin a ɗakinta aka yi shi.

Ɗanta Hammawa ne ya yi shi, ɗan shekara bakwai, kuma ɗan farinta. Kakarsa ce ta raine shi a ruga, da ta rasu aka dawo da shi birni. Kubura ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Haka ta tarar iyaye suna kunyar ɗan fari. Amma in suka rage su biyu, yaron sai ya yi ta zuba: sunayen shanun kakarsa, wadda ke tunkuyi, wadda ke satar kanwa. Kowacce da irin kukanta, kuma duk ya iya.

A makaranta fa ko uffan bai taɓa cewa ba. Da malamai suka gaji, suka ce kada ya dawo sai mai duba halayyar yara ta gwada shi.

Uban yana kudu wajen fataucin shanu, saboda haka wan uban, Babayo, shi ne ya kai su. Mai gwajin wata dattijuwa ce, Madam Cecilia, mai magana a hankali. Ta nuna wa yaron hotuna, ya kalli ƙasa. Ta ba shi ƙananan katakai, ya jera su a kewaye ya bar ƙofa ɗaya. Kubura ta gane shingen shanu ne ya gina, har da wurin 'yan maruƙa. 

Madam ta juyo gare ta. Ta ce katakai da hotuna rabin gwaji ne, sauran rabin yana bakin uwa.

"Maman Hammawa, a gida yana magana?"

Sunan kawai ya sa kunnuwan Kubura suka yi zafi. Ga Yaya Babayo a kujera, ya ɗora hula a gwiwa yana kallonta.  Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ni ban san masa komai ba," in ji ta.

Madam ta roƙi Babayo ya ɗan ba su wuri. Ya ce shi ne uba a nan, babu abin da za a faɗa a bayansa. Sai ta yi musu bayani cewa yaron da aka raba da wanda ya saba yakan yi shiru don tsoro, ba don ƙwaƙwalwarsa ta gaza ba. Ta ce ba za ta yanke komai a zama ɗaya ba, su dawo, uwar da ɗan kawai.

A cikin keke Babayo ya fassara maganar yadda ya ga dama. Ya ce an gwada an ga babu komai a kan yaron, komawa kuma ƙarin tonon asiri ne. Ruga ta fi dacewa da shi, can ba a tambayar mutum karatu. Kubura ta ce, "To, Yaya."

Ranar da aka zo ɗaukarsa ta ɗaure masa kayansa a zane, ta cusa ƙuli-ƙuli a ciki. Ba ta raka shi zaure ba, uwar ɗan fari ba ta rakiya. Daga tsakar gida ta ji tashin babur, ta kasa kunne ko zai yi kukan saniyar nan sau ɗaya. Bai yi ba.

Tana shara, Babayo yana alwala a gindin randa, sai Azumi maƙwabciyarta ta leƙo ta kan katangar da ta raba ɗakunansu.

"Kubura, wai ba ki gaya wa matar gwajin nan cewa kullum ina jin hirarku da yaron ta bango ba?"